Farin Tabo a Bangon San Anselmo

Casilda na bakin ruwa tana gyaran kifi, ta ɗaga kai ta hango mutum uku a kan katakai jikin bangon San Anselmo, kowanne da ƙarfe a hannu, suna kankare farin tabon kamar masu kankare ƙanzo a gindin tukunya. Ta ajiye wuƙa. Ba ta wanke hannu ba, ta kama hanyar tudu da saurin da bai kamaci mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa ba.

San Anselmo sansanin yaƙi ne na zamanin Sifaniyawa. Su suka ba da umarni a gina shi don tare jiragen Turawan Ingila, amma kakannin mutanen garin nan na Boca Mansa ne suka ɗauki kowane dutse a ka, bulala na bin bayansu. Aka yi yaƙin aka gama, masu igwa suka kwashe komatsansu suka tafi. Shekara ɗari biyu da ɗoriya babu mai tunawa da wurin sai awaki da jemagu da matan garin. Sai bana wata gidauniya a Bogotá, babban birnin ƙasar, ta farka daga barci ta tuna cewa ashe tana ƙaunar tarihi. Aka zo da motoci da ma'aikata daga birni, aka kafa ƙofar ƙarfe a mashigar da kowa ke bi tun fil'azal, aka dasa mai gadi. 'Yan gari kuwa aikin da aka ga ya dace da su shi ne ɗaukar yashi, wato dai aikin kakanninsu, bulalar kawai aka rage.

Tabon bai fi faɗin ƙofar ɗaki biyu ba, a bangon da ke kallon teku. Kowace shekara kafin idin Budurwa Maryamu, matan garin kan ƙona ƙumba su jiƙa farar ƙasa, su sauke ɗaya daga cikinsu da igiya daga saman bango ta sabunta shi. Uwar Casilda ce ke riƙe da burushin a da. Da ta rasu ya dawo hannun Casilda, shekara ashirin da shida ke nan.

Amfaninsa kuwa ga shi. Gaban garin akwai jerin duwatsu masu kaifi kwance a ƙarƙashin ruwa, sun yi wa gaɓar shinge daga wannan kusurwa zuwa waccan. Haƙora ake ce musu. A duk tsawonsu kafa ɗaya ce rak da jirgi zai bi, ita ce Ƙofa, kuma daga teku ba a gane ta, ruwa ne kawai iri ɗaya. Mai dawowa daga kamun kifi sai ya dubi tudu. In farin tabon ya zauna daidai ƙarƙashin gicciyen cocin da ke bayan sansanin, to hancin jirginsa na kallon Ƙofa, sai ya miƙe.

Ba a faɗa wa baƙo wannan. Ba a faɗa wa Sifaniyawa ba, ba a faɗa wa Turawan Ingila ba, ko limamin coci in ba ɗan gari ba ne sai ya gama zamansa ya tafi yana zaton ado ne. Dalilin zamanin da yana nan daban, na yanzu kuwa kowa na ganinsa da ido: otal ɗin tsibirin da ke can tsallake, da jiragensa masu gudu da kiɗa. Bayan Haƙora ruwa ne kwance luf. Nan kifi ke zuba ƙwai, nan mata ke tsintar ƙumba, nan garin ke ci. Sau biyu direbobin otal suka gwada shigowa da na'urarsu mai nuna hanya. Na biyun ya bar farfelarsa a kan dutse, tana nan rataye a shagon giya na bakin kasuwa.

Mai gadi ya buɗe baki zai yi magana, Casilda ta wuce shi ko kallo babu. A tsakar sansanin, inda aka jera tsofaffin igwa ana goge musu tsatsa, ta tarar da shugabar aikin, Doktora Ximena. Ba likita ba ce. A nan duk wanda ya zo daga Bogotá da takarda a hammata dokta ne. 'Yar shekara talatin da wani abu ce, da malafa da manyan takalma, mai irin ladabin nan da ke ƙara wa mai fushi fushi.

"Wa ya ce a taɓa farin nan?"

"Barka da rana, Doña…"

"Casilda. Ban zo gaisuwa ba. Wa ya ce a taɓa shi?"

"Ni ce, Doña Casilda. Zo in nuna miki wani abu." Ta warware doguwar takarda a bayan wata igwa. "Wannan kwafin zanen asali ne, daga can Sifen aka aiko mana. Duba, bangon nan dutse ne tsurarsa, babu ko ɗigon fari. Aikinmu mu mayar da shi yadda yake ranar da aka gama shi."

"Ranar da aka gama shi akwai gawarwakin bayi a ramin can na baya. Su ma za ku mayar?"

Fuskar Doktora ta yi ja. "Na san an zalunci mutanenku."

"Ba ki sani ba, karantawa kika yi. Shekara nawa bangon nan na tsaye ba ku? Wa ke cire itatuwan da ke tsaga shi? Wa ke toshe ramukan kaguwa bayan damina? Yau kun zo da hular kwano kun kulle mana ƙofa, kuna kankare abin da ba ku tambayi kowa ba."

"To yanzu na tambaya. Taimake ni in gane. Mene ne amfanin tabon?"

Nan Casilda ta tsaya. Tambayar ba ta da laifi, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Gaskiyar na kan harshenta. Sai idonta ya faɗa kan teburin da ke bayan Doktora, inda aka jera robobin ruwan sha, kowace da tambarin otal ɗin tsibiri. Otal ɗin na cikin masu ba gidauniyar gudummawa, har sunansa na jikin allon bakin hanya.

"Alkawari ne," ta ce. "Kakar kakata ce ta yi wa Budurwa Maryamu alkawari. Muddin akwai mace a garin nan, za a shafa mata fari a bangon."

Idon Doktora ya yi haske. Ta zaro ɗan littafi ta hau rubutu, har da tambayar sunan kakar. Casilda ta ƙirƙiro mata suna nan take, ta ƙara da guguwa da jariri mara lafiya don abin ya yi armashi.

"Ai wannan ma tarihi ne," in ji Doktora. "Zan rubuta wa Bogotá. Ban ce za su yarda ba, amma zan yi iya ƙoƙarina."

"Kafin su amsa fa?"

"Kafin nan ai an gama kankarewa, Doña. Saura kaɗan ma."

Da yamma aka taru a gindin mangwaron bakin ruwa. Shawarar maza ba ta ɗauki lokaci ba: kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Tabon ya tafi, amma gurbinsa ya fi sauran bangon haske, don dutsen da ke ƙarƙashin farar ƙasa bai sha gishiri da gansakuka ba. Mai ido zai gane shi daga teku.

"Mai ido," in ji Casilda, tana harar mijinta.

Nemesio shekararsa saba'in da ɗaya, shi ne babban masuncin garin. Bisa al'ada jirginsa ke fara shiga Ƙofa in an dawo daga doguwar tafiya, saura su bi sawunsa a jere. Yanar ido ta rufe masa na hagu, ta fara leƙen na dama, shi kuwa ko kusa bai yarda ba.

"Ni ko ɗaure min ido aka yi na san Ƙofa," ya ce. "A mazaunaina nake jin ruwanta."

"Kai da shekaranjiya ka cire wa turken jaki hula kana ce masa barka da asuba, compadre?" in ji wani amininsa.

Aka kwashe da dariya.

"Turken ya fi wasu tarbiyya," in ji Nemesio. "Bai mayar min da magana ba."

Aka sake kwashewa. Casilda ba ta yi dariya ba. Tsoro take ji, kuma ita tsoro da fushi hanya ɗaya suke fito mata.

Bayan mako uku jirage goma sha ɗaya suka tafi tsibiran nesa, tafiyar kwana huɗu. Duk wani abu mai inji a garin ya bi su, can kuwa waya ba ta shiga. Rana ta biyu da ta uku ma'aikata suka wanke bangon kaf da injin feshin ruwa, ya koma launi ɗaya, gurbin ya ɓace. Casilda ta hau tudu sau biyu ta tarar da ƙofa a garƙame. An ja wa mai gadi kunne a kanta, Doktora kuma an ce ta tafi taro birnin Cartagena. Ta dawo gida tana lallashin kanta. In Nemesio bai ga komai a bango ba, taurin kansa bai kai na hauka ba. Zai zagaya ta bayan kusurwa su sauka a gaɓar maƙwabta, tafiyar awa uku, ya iso gida yana zage-zage amma da ransa.

Rana ta huɗu, wajen tsakar rana, tana tsakar gida tana kankarar kwakwa don shinkafar tarbar matafiya. Ubaldina na gefenta tana fere rogo. Ubaldina ce ta riƙe wa Casilda 'yarta ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna comadre, kuma 'ya'yanta maza biyu na cikin tafiyar. Sai ga Doktora a bakin ƙofa, da ledar burodi a hannu, bakinta har kunne.

"Doña Casilda, na zo miki da labari mai daɗi. Fito ki dubi bango."

Casilda ta fita har inda bukkokin raga ba su tare mata gani ba, ta ɗaga kai. Ga tabo nan, fari tas, mai kusurwa huɗu, an ja shi da igiya da ma'auni. Ya fi tsohon girma, ya fi shi kyau. Yana zaune taku goma kudu da inda ya kamata.

"Bogotá sun yarda," in ji Doktora. "Da sassafe na sa aka shafa, don in ba ki mamaki. Mun ɗan matsar da shi ne kawai. A ƙarƙashin tsohon mun gano dutse mai rubutu, da shekarar ginin da sunan gwamnan lokacin. Kin ga wannan ba a rufe shi."

Casilda ta sake duban bangon. Ba ta buƙatar kowa ya auna mata. Wanda ya ɗora sabon tabon a ƙarƙashin gicciye zai kai hancin jirginsa kan dutsen da ake ce wa Turmi, inda ruwa ke daka duk abin da ya faɗa ciki. Babu tabo matsala ce. Tabon ƙarya kuwa kira ne.

"A mayar da shi inda yake. Yanzun nan."

"Haba Doña, taku goma ne fa."

"Budurwa ba ta son nan."

Doktora ta yi murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta fara rikicewa. "Ai Budurwa na gani ko'ina aka shafa mata. Niyyar ita ce abin dubawa."

Ƙaryarta ce aka zubo mata a faranti aka ce ta ci. Casilda ta buɗe baki, abin da ya fito ba zai maimaitu ba. Ta haɗa da Bogotá, da gidauniya, da gwamnan da ya mutu shekara ɗari uku, da uwar da ta haifi ma'auni. Doktora ta tsaya har ta gama, idonta ya cika da ƙwalla.

"Mako uku ina faɗa da ofis saboda ke," ta ce. "Ban nemi godiya ba, amma ban zaci zagi ba." Ta ajiye burodin a kan turmin ƙofar gida, ta koma tudu.

Ubaldina ta riƙo hannun Casilda. "Comadre, na ga bakinki na motsi. Kar ki kuskura."

"To me za mu yi?"

"Mu hura wuta a bakin ruwa."

"Da rana tsaka, a bayan feshin igiyar ruwa? Wa zai gani?"

"Mu tura kwalekwale ya tare su a waje."

"Wanne? Na marigayi Tiburcio da kaji ke ƙwai a ciki? Ba ki ji iska ta tashi ba? Yau ba mai fita Ƙofa da filafili."

"Yarana suna da ido. Za su lura an canja wuri."

"Yaranki suna jirgi na bakwai. Wa ya taɓa ce wa Nemesio ka kauce? Shi kuma da idon nan nasa, zai hango fari ƙal yana walƙiya, ya ce matata ta yi nasara, ya ƙara wa inji wuta."

Ubaldina ta ajiye wuƙar rogo.

Suka tara mata goma sha biyu, da bokitan farar ƙasa da zannuwan gado da igiya, suka hau tudu. Ƙofa na garƙame da kwaɗo. Mai gadi ya ja baya inda hannu ba zai kai shi ba.

"Ni aikina nake yi, Doña. In na buɗe muku, gobe ba ni da abinci."

Ta waje kuwa ba a hawa. Bangon ya yi tsawon itacen kwakwa, gindinsa na kan duwatsun da ruwa ke mari. Suka jijjiga ƙarfen, suka yi ta kira. Ma'aikata suka leƙo suna dariya, wani ma ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton matan ƙauye masu rigima a kan fenti. Rana ta karkata, iska na ƙara ƙarfi. Casilda ta juya ta dubi teku. Can ƙarshen ruwa ta ga ɗigo baƙi, sai wani a bayansa, sai wani.

"Comadre," ta ce da Ubaldina, "kwashe su duka ku je coci ku kaɗa ƙararrawa. Ku yi ta kaɗawa, ko Allah zai sa su ji su tsaya."

Ta san ba za su ji ba. Iskar daga teku take busowa, ƙarar za ta bi ta zuwa daji. Matan kawai take so su bar wurin. Da suka sha kwana, ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu ta kira sunan Doktora, ba Doktora ba, Ximena tsurarsa, har sai da muryarta ta dishe.

Doktora ta fito fuska a ɗaure. "Doña, in zagi ne na ƙoshi."

"Matso. Kai kuma ja can," ta ce da mai gadi. Ta zura hannu ta damƙi gaban rigar Doktora ta jawo ta har goshinsu ya kusa haɗuwa ta tsakanin ƙarafa. "Babu wani alkawari. Babu wata kaka. Kin ga ɗigon can? Na gaba mijina ne. Akwai kafa ɗaya a cikin duwatsun nan, kuma da tabon ake gane ta, in ya zauna ƙarƙashin gicciye. Inda kika sa shi yanzu, kan dutse zai kai su. Kina da rabin awa."

Tana faɗa tana jin kamar tufafinta take tuɓewa a tsakiyar kasuwa. Abin da uwarta ta gaya mata a kunne, abin da bulala ba ta fitar daga bakin kakanninta ba, ga shi ta miƙa wa yarinya mai malafa.

Doktora ta dubi teku, ta dubi bango, jini ya bar fuskarta. "Me ya sa ba ki gaya min tun farko ba?"

"Don ba naki ba ne."

A nan dai dole a yi wa Doktora adalci, ba ta ɓata lokaci ba. Ta fizge makulli daga ƙugun mai gadi. Ta daka wa ma'aikata tsawar da ba wanda ya san tana da ita, suka saki baƙar tamfal daga saman bango ta rufe sabon tabon, suka danne ta da buhunan yashi. Ita da kanta ta ɗauko bokitin farar ƙasa tana gudu yana zuba a takalmanta. Aka ɗaura wa Casilda igiya a ƙugu aka sauke ta kan katakai, iska na kaɗa mata siket. Ba ta nemi alama ba, hannunta ya san wurin. Ta tsoma burushi ta fara da sunan gwamna, ta ba shi farar ƙasa har ya ƙoshi, sannan ta bi sauran.

Tana kan katakan ta ga jirgin gaba ya rage gudu, ya ɗan yi shawagi kamar mai tunani, sannan ya gyara hanci ya miƙe. Nemesio na tsaye a baya, hannu a kan inji. Ya ratsa tsakanin farin kumfa biyu ya faɗo ruwan kwance, goma na bin sawunsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙararrawar coci na ta kaɗawa daji.

Da aka jawo ta sama, ta zauna a ƙasa.

"Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba," ta ce.

"Ba zan yi surutu ba, na rantse. Amma dole in rubuta a rahoto dalilin da ya sa na rufe rubutun. In ban rubuta ba za su cire ni, su turo wani ya sake kankarewa." Doktora ta durƙusa kusa da ita. "Kar ki damu, Doña. Ba mai karanta rahoto. Ni na sani, shekara takwas ina rubuta su."

A gari kuwa labari ya bazu cewa Casilda ta tsorata 'yar Bogotá da fushin Budurwa har ta ba da kai. Aka yi ta yi mata kirari. Aka kawo mata kan kifi mafi girma. Nemesio ya bi shagon giya yana cika baki cewa matarsa ta fi igwogin San Anselmo duka ƙara. Ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abinci ya daina yi mata daɗi. Kullum da safe kafin ta ɗora kofi sai ta fita ta dubi wajen tsibirin otal, ta ga ruwa wayam, ta dawo.

Wata huɗu bayan haka aka sa ranar buɗe sansanin. An gyara shi, ba ƙarya, ya yi kyau: igwa sun hau sababbin katakai, an share ramuka, an kafa tuta. Aka ce 'yan gari su sa fararen kaya su jeru a bakin hanyar mota don tarbar manyan baƙi. Makaɗa suka kafa ganguna tun hantsi. Rana ta take, ba mota ba ƙurarta.

Sai ƙara ta fito ta baya, ta wajen ruwa. Mutane suka juya. Jirage uku ne farare, dogaye, kiɗa na tashi daga cikinsu. Suka tsaya a waje kaɗan, na gaba ya gyara hanci, sannan suka shigo Ƙofa a jere ko rage gudu ba su yi ba. Suka keta ruwan kwance, igiyarsu ta tashi kwalekwalen da ke ɗaure suna karo da juna. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Kowa ya hau tudu. Aka zaunar da baƙi a kujeru ƙarƙashin rumfa, 'yan gari na tsaye a rana. Shugaban gidauniya, wani mai farin gashi da farar riga, ya yi dogon jawabi a kan jarumtar sojojin da suka tsare wannan gaɓa. Sannan ya ja wani ƙyalle, allo ya bayyana, na ƙarfe mai sheƙi. An zana gicciye, an zana tabo, an ja layi ɗoɗar daga nan har cikin Haƙora, da bayani a harshe biyu don kada wani baƙo ya tafi bai gane ba.

"Wannan sirri ne na shekara ɗari uku," in ji shi, "kuma da ya mutu a ɓoye, ba don karamcin mace ɗaya ba. Ina Doña Casilda Miranda? Ta fito mu gode mata."

Baƙi suka tafa. Manajan otal ya miƙe yana tafi fiye da kowa, ya sanar da cewa daga mako mai zuwa za a riƙa kawo masu ziyara sau huɗu a rana. Doktora na can ƙarshen rumfa, kanta a sunkuye, tana murza malafarta. Wata budurwa ta taho da furanni tana neman wadda za ta ba.

Casilda ba ta motsa ba. Ba ta buƙatar juyawa ta san idon garin duka na kanta. Ubaldina, da ke riƙe da hannunta tun bakin hanya, ta zare nata a hankali. Fushi ya cika Casilda har wuya, kuma a karon farko a rayuwarta ta rasa wanda za ta fara da shi.

Nemesio na gefenta da hularsa a hannu. Bai dube ta ba, ruwan da jiragen suka dama yake kallo da idon da ya rage masa.

"Da kin bar ni na hau Turmi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na bayana za su ga na fashe, su kauce. Tsoho ɗaya ne. Da an binne ni, gari ya ci gaba da cin kifinsa."

Ta juyo ta dube shi, da tsohuwar rigarsa da ta goge masa da safe.

"Na sani," ta ce. "Tun ina riƙe da ƙarfen ƙofar can na san kai kaɗai ne."

Ta kama wuyan rigar ta gyara masa da ƙarfi, har sai da ya yi tangaɗi.

"Kuma ko gobe aka sake, zan sake faɗa. Je ka gaya musu haka."